Hannun da Ban Tafa Ba

Shekara goma sha ɗaya ke nan da mutuwar Oga Boni, kuma abin da zan faɗa muku yau na san rabinku ba za su yarda ba. Ba laifinku ba ne. Duk wanda ya san Tanimu mai gyaran rediyo a Keffi ya san in na ce ana ruwa, sai an leƙa waje kafin a ɗauki lema. Ni ne na taɓa rantse wa mutane cewa na ga sauro a bakin rafi yana jan akuya da ƙafa ɗaya. To ga wata, wanda ya isa ya ƙaryata: mutum ya faɗi a gabana da rana tsaka yana mutuwa, yana miƙo mini hannu, ni kuma na tsaya a kansa ina ba jama'a dariya. Kuma sun yi dariyar. Mai shakka ya je layin masu gyara ya tambaya, tsofaffin wurin ba su ƙare ba.

Abin da ya sa na buɗe baki yanzu shi ne matarsa, Maman Ngozi, za ta bar Keffi ƙarshen watan nan ta koma garinsu. Shekara goma sha ɗaya ban tsaya a gabanta ba, ban faɗa mata yadda aka yi ba. Na ga in ta hau motar nan ban je ba, magana ta mutu a cikina, ni kuma in tafi da ita kabari.

Sunansa Boniface, amma ban taɓa jin wanda ya wahalar da bakinsa ya kai ƙarshen sunan ba. Ibo ne, ya zo Keffi yana saurayi da akwatin sifana ɗaya, ya zama makaniken janareta da injin ban ruwa. Gajere, mai faɗin ƙirji, wuyansa da kansa duk abu ɗaya. Shagona yana kallon nasa, titi ne kawai a tsakani. Ni kuwa ɗan unguwar Liman Abaji ne, kakana malami, babana malami, da aka zo kaina sai karatun ya tsaya a baki bai shiga ciki ba.

Resilin ne ya haɗa mu faɗa, kokawar Turawan nan da ake yi a cikin igiya. A lokacin akwai gidan kallon wani Alhaji da muke kira Mai Bidiyo, kuma duk Asabar bayan la'asar kaset ɗin resilin ake sakawa. Ni ne mai fassara. Ba wanda ya naɗa ni, ni na naɗa kaina. Turancina bai wuce na aji huɗu ba, amma da zarar ƙato ya ɗauki lasifika ya fara kumfar baki, sai in miƙe in ce, "Jama'a, ya ce shi da haƙora talatin da biyu aka haife shi, ranar sunansa ma shi ya kayar da ragon da kansa!" Sai ɗaki ya ɗauki ihu. Har wanda bai biya kuɗin shiga ba yana jin daɗi ta taga.

Wata Asabar ina tsakiyar haka sai na ji murya daga benci na baya.

"Ƙarya ne, Malam Tanimu. Cewa ya yi su haɗu ranar Lahadi."

Aka fashe da dariya, amma wannan karon ni ake wa. Bai tsaya nan ba. Ya ce duk abin ma shiri ne. "Wannan naushin bai taɓa shi ba. Ni makanike ne, na san ƙarar abu in ya haɗu da abu." Mutumin nan ya tona ramin ƙaryata, sannan ya taka abin da na fi so a duniya, duk a numfashi ɗaya.

Shekara biyar muka yi ba ma ga maciji. Kada ku ɗauka irin gabar wasa ce. Na bi gari ina cewa janaretan da Boni ya gyara ba ya tashi sai yana tsaye yana hararar sa, in ya juya baya sai ya mutu. Shi kuma ya riƙa gaya wa mutane rediyon da ya bi ta hannuna tashar aljanu kaɗai yake kamawa. Na kore masa masu kawo gyara, ya kore mini. Ranar da wuta ta kama wayar shagonsa ina zaune da bokitin ruwa a gefena, sai da na ƙirga goma kafin na tashi. Matarsa in za ta wuce ta gabana sai ta gyara ɗaurin zane ta ɗauke kai. A gidan kallo kuwa mun raba jama'a biyu. Ni ina bayan wani ƙaton mai sanƙo da muka sa wa suna Bijimi. Shi, duk da yana cewa ƙarya ce, ya zaɓi wani siriri mai gashi har kafaɗa da muke kira Ɗan Gayu, don kawai Bijimi ya tsane shi. Su ma shekaru suka yi suna farfasa kujeru a kan juna.

Wani lokaci in na ga yaran yanzu sai in ce da Boni zai leƙo ya gani. Ya ci gardamar, ba ya nan balle ya karɓi kofinsa. Yau ɗan shekara tara zai gaya maka resilin rubuta shi ake yi, har ya nuna maka a waya yadda ake koyon faɗuwa. Ba mai zama awa guda yana jiran a tafa. Su danna, su ga ƙarshen, su wuce. Gidan Mai Bidiyo ya zama shagon cacar ƙwallo, samari cike, kowa ya zuba wa takardarsa ido kamar mai jiran sakamakon asibiti. Na san abin da zai ce. Zai ce, "Malam Tanimu, aƙalla taka ƙaryar kyauta kake bayarwa."

Ƙwallon ce ma ta sulhunta mu, ba da niyya ba. Da Mai Bidiyo ya sa dish, sai ya ce daga yau ba resilin, ƙwallo ta fi kawo mutane. Ya tattara kaset-kaset ɗin ya zuba a kwali. Na je roƙo da safe, na tarar Boni ya riga ni, yana tsaye a kan kwalin kamar kaza a kan ƙwai. Alhaji ya dube mu ya ce, "Ku biyu ne mahaukatan da suka rage a garin nan. Ku ɗauka ku ba ni wuri." Ni ina da talabijin da bidiyo, ba wuta. Shi yana da janareta sun fi goma, ba abin da zai jona. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ko da masu hannun ba sa gaisawa. Asabar ta zagayo muka kafa kaya a gindin mangwaron da ke gefen shagonsa, kowa ya jawo bencinsa, muka bar tazarar da mota za ta iya wucewa a tsakani.

Kaset ɗin da na zaro ba rubutu a jikinsa. Da hoto ya fito sai ga abin da ba mu taɓa zato ba: Bijimi da Ɗan Gayu a kusurwa ɗaya, an haɗa su su fuskanci wasu tagwaye masu gemu. Wasan biyu-biyu ne. Ga wanda bai sani ba, dokarsa ɗaya ce. Mutum ɗaya ke shiga daga kowane ɓangare, abokinsa yana tsaye a wajen igiya. Ko kashe naka ake yi ba ka da ikon shiga sai ya miƙo hannu kun tafa. In kun tafa, shi ya fita ya huta, kai ka shiga ka ɗauki dukan.

Tagwayen nan suka sami Ɗan Gayu suka yi masa dukan sakwara. Su murɗe, su taka, su ja shi kusurwarsu su canji juna a kansa. Da ƙyar ya kuɓuce ya fara jan ciki, yana miƙa hannu wajen Bijimi. Bijimi ya harɗe hannuwa a ƙirji ya juya kai yana kallon 'yan kallo. Ɗan Gayu ya matso, aka janye shi ta ƙafa. Ya sake matsowa. Ina cikin fassara sai na ji benci ya yi ƙara. Na waiga, sai ga Boni, mai cewa duk shiri ne, a tsaye a kan benci, jijiyar wuya ta fito, yana ihu, "Ba shi hannu! Ba shi hannu mana, ɗan banza!" Can sai Bijimi ya saki hannu ya miƙa, aka ji tas, ya faɗa cikin igiya ya watsa tagwayen kamar an saki sa a kasuwar tukwane.

Na ce, "Oga Boni, ba kai ka ce ƙarya ce ba?"

Ya sauko yana haki, ya share gumi da gefen riga. Ya ce, "Dukan ƙarya ne. Hannun gaskiya ne."

Sai ya miƙo nasa. Na dube shi, na dubi baƙin man da ke tafin, na tafa.

Daga ranar muka zama 'yan biyu-biyu. In mai gyara ya zo masa da rigima, ya yi ta fama har ya gaji, sai ya tsallako titi ya tafa hannuna, ni in je in kashe mutumin da surutu har ya manta abin da ya kawo shi. In aka kawo mini abin da ya fi ƙarfin kaina, in tafa nasa. Ranar Juma'a shi ke tsare mini shago, har ya koyi cewa "ya tafi masallaci, a dawo bayan an sauko". Ranar Lahadi ni ke zama a nasa, ina sayar da fulogi ina ƙara wa kowane ɗaya tarihi. Da aka yi wata jita-jita a gari mutanen kudu suka fara ɗaure kaya, na kwashe shi da matarsa da 'ya'yansa uku na kai su gidanmu a Liman Abaji, suka yi kwana uku, tsohuwata tana koya wa 'yarsa Ngozi tuƙa tuwo. Da matata ta sha wahalar haihuwa aka ce ana neman jini, kafin in gama kiran 'yan uwana Boni ya riga ya naɗe hannun riga. Ya fito yana layi ya ce, "Yanzu ɗanka rabin Ibo ne, ka shirya, zai buɗe shago."

Wannan ne nake tunawa in na ji yaranmu da nasu suna zagin juna a waya. Garin ya cika ya batse, ma'aikatan Abuja sun zo, ɗalibai sun zo, gidaje sun tashi a inda muke harbin tsuntsu, amma benci ya ragu. Mu mun yi gaba ido da ido, shi ya sa da ta ƙare muka san ta ƙare. Su ba su taɓa ganin gumin wanda suke zagi ba. Da Boni yana nan da ya ce a kwashe su a zuba a gindin mangwaro ɗaya da janareta ɗaya, a ga yadda za su yi.

To, wasa farin girki. Boni ya ƙirƙiro wani abu. In rana ta yi zafi aiki ya ishe shi, sai kawai ka ga ya zame daga benci ya faɗi rim, ya fara jan ciki ya nufo titi, harshe a waje, hannu a miƙe, yana nishi kamar Ɗan Gayu. Ni kuma in zama Bijimi. In zo in tsaya a kansa, in harɗe hannu, in juya kai. In yi ta ba da labari: ga shi nan jama'a, haƙarƙari bakwai sun karye, hanta ta koma baya. In durƙusa in buga ƙasa kamar alƙalin wasa, ɗaya, biyu, sai in tsaya in ce ban gani ba. 'Yan acaɓa su faka, masu talla su sauke kaya. Sai na ja rai iya ja, sannan in miƙa hannu, tas, ya yi wuf ya miƙe yana dukan ƙirji, a watse ana dariya. Mun yi wannan ya fi sau dubu. To, na ji, ku ce sau ɗari. Mutumin da ya ce 'yan resilin 'yan wasan kwaikwayo ne, ya fi su iya faɗuwa.

Ranar Talata ce, bayan azahar. Tun safe yake cewa kansa na sara, maganin hawan jininsa ya ƙare, zai aika a sayo. Na ce ba hawan jini ba ne, barkonon Maman Ngozi ne ya hau. Wani manomi ya kawo injin ban ruwa daga Panda, Boni yana ta jan igiyarsa ya ƙi tashi. Ina kallonsa daga shagona. Ya ja, ya ja, ya sake ja. Sai ya saki igiyar, ya tsaya kamar mai son tuna wani abu, ya zame ya faɗi.

Na ce yawwa, an fara.

Na tsallaka titi ina gyara wuyan riga. Jama'a suka fara taruwa, don sun san shirin. Yana jan jiki, amma ba kamar kullum ba, gefe ɗaya yake ja, ɗayan yana biyo shi kamar buhu. Na ce, "Kai jama'a, yau Oga ya ƙaro fasaha!" Ya ɗago hannu ya miƙo mini. Hagu ne. Shekara da shekaru hannun dama yake miƙowa, don ya san mu, ya san ba a ba mutum hagu. Na gani. Wallahi na gani, ba zan ce ban gani ba. Abin da na yi da ganin shi ne na juya wajen jama'a na ce, "Ku duba rashin ladabi! Ni ɗan malamai zai miƙo wa hagu? Ba na karɓa. Ya kawo dama ko ya mutu a nan!"

Aka kwashe da dariya. Hannun daman ya riga ya mutu, shi ya sa ya miƙo hagun.

Ya buɗe baki yana magana, maganar ba ta fita, wani irin gurnani ne kawai. Ni kuwa aikina ke nan tun gidan Mai Bidiyo. Na kai kunne kusa da bakinsa, na miƙe na ce, "Ya ce a gaya wa matarsa ta rage barkono!" Ya sake yi. Na ce, "Ya ce ya bar mini shagon da duk abin da ke ciki!" Na durƙusa na buga ƙasa, ɗaya, biyu, na tsaya. Na sake, ɗaya, biyu. Idonsa yana kaina. Hannun yana sama, bai sauke ba.

Iya Talatu mai kunu ce, wata dattijuwa da ke zama a bakin layin, ta ture mutane ta leƙo. Ta saki ludayi ta ce, "Kai, ku dubi bakinsa! Bakinsa ya karkace!" Dariyar ta ɗauke kamar an zare waya. Sai a lokacin na ga yawu yana bin kumatunsa, na ga wandonsa ya jiƙe.

Minti nawa? Ni da nake mayar da akuya raƙumi, wannan ne abu ɗaya da na yi shekara goma sha ɗaya ina ƙoƙarin ragewa. Na ce biyu ne. Na ce uku. Amma na san tsawon wasanmu, ni nake jan sa. Bai gaza goma ba.

Ni na ɗauke shi na sa a mota, kansa a cinyata har asibiti. A hanya na kama hannun hagun na tafa, na sake tafawa, ina cewa, "Ga shi, Oga, na karɓa, tashi." Bai tashi ba. Kwana uku ya yi bai ce uffan ba, ya cika. Na tare likita a baranda na tambaye shi ko da an kawo shi da wuri da ya rayu. Ya ce wannan sai Allah. Na so ya ce a'a. Ko e ma da ya ce, da na san inda zan ajiye kayan. Ya bar ni da sai Allah, kuma a nan nake har yau.

A barandar nan Maman Ngozi ta riƙe hannuna biyu ta ce, "Malam Tanimu, na gode, kai ka kawo shi." Na karɓi godiyar. Wannan bakin da bai taɓa rufuwa ba, ranar ya rufu. Da za a kai gawa garinsu aka ce in shiga mota, na ce tsohuwata ba lafiya. Lafiyarta ƙalau, tana gida tana kuka tana tambayar me ya hana ni tafiya. Kafin wata biyu na kwashe shagona na koma can hanyar Garaku, na ce haya ta yi tsada. Talabijin da bidiyo da kwalin kaset na bar su a shagonsa ban waiwaya ba.

Maman Ngozi tana da shagon kayan masarufi a bakin kasuwa. Saboda shagon nan babu lungun da ban sani ba a Keffi. Tafiyar minti biyar nakan yi ta a rabin awa, ta bayan makaranta, ta kan kwalbati, ta cikin gidan mutane ma in ta kama. In na hango ta a wurin biki sai in sulale ta ƙofar baya. Ta aiko a gaishe ni da sallah, shekara ta farko, ta biyu, ta uku, har da shinkafa ranar Kirsimeti kamar yadda aka saba. Na ce a ce mata na yi tafiya. Na ji labarin an kori ƙaramin ɗanta daga makaranta na wani lokaci, na ji ta yi jinya, na ji Ngozi ta gama karatu. Duk na ji. Garin ba shi da girman da ba za ka ji ba. Kowane lokaci in ce gobe, in na shirya yadda zan faɗa. Da na sani ƙeya ce, amma gobe ta fi ta mugunta, don ita kullum tana gabanka tana murmushi.

Na kan ce da a yau abin ya faru, da ban samu wurin ɓuya ba. Da waya ashirin sun ɗauka, da duniya ta ga Tanimu yana buga ƙasa a gefen mai mutuwa, da an zage ni daga nan har inda ba a san Keffi ba. Kwanaki wani ya faɗi a bakin tasha, na ga mutane sun yi da'ira kowa ya ɗaga waya. Na kutsa ina zagi na tallafe shi. Ashe maye ne ya kayar da shi, ya yi mini amai a riga. Ban ji haushi ba. Yanzu ko yaro na gani ya kwanta a ƙasa yana wasa sai na ɗaga shi, uwarsa na harara ta. Amma ban isa in zagi masu wayar da yawa ba. Su baƙo suke ɗauka. Ni a kan abokina na tsaya.

Makon jiya wata mata ta yi sallama a shagona da goyo a baya. Sai da ta yi dariya na gane ta, don dariyar ubanta ce. Ngozi. Ta durƙusa ta ce, "Baba Tanimu, ka tsufa." Na ce ƙarya ne, hasken shagon ne ba kyau. Ta ce Mama za ta koma gida ƙarshen wata, ƙafa ta ƙi, kasuwa ta ƙi. Ta ce in zo in ɗauki kayana, in kuma ba na so za a ba masu gwangwan. "Ta ce kada ka aiko yaro. Ta ce kai."

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Shekaranjiya da hantsi na bi titin da na yi shekara goma sha ɗaya ina kauce wa. Minti biyar ne, kamar yadda na bar shi.

Kafin in gaya muku yadda muka yi, bari in auna abin da ya rage na Boni, don a hanyar nan na yi ta lissafinsa. Shagonsa yanzu ana sayar da kayan wuta masu aiki da hasken rana a ciki, an sare mangwaron. Janaretocin da ya gyara sun zama ƙarfen awo. Kabarinsa yana wata ƙasa da ban taɓa takawa ba, kuma ban ma san irin addu'ar da ɗan malamai zai yi masa ba, na bar shi da wanda ya halicce mu duka. Akwai jininsa a jikin matata. Akwai ɗana, wanda ya buɗe shago kamar yadda aka faɗa. Akwai tsofaffi biyu ko uku a layin masu gyara da har yau in ɗaya zai karɓi ɗaya aiki sai sun tafa, ba su ma tuna daga ina suka samo ba. Sai maganar nan tasa, dukan ƙarya ne, hannun gaskiya ne. Na yi shekaru ina maimaita ta a majalisa kamar ni na ƙirƙiro, ana cewa Tanimu akwai hikima. Shi ya faɗe ta a kan benci yana haki, ya kuma rayu a kanta. Ni haddace ta kawai na yi.

Na same ta a zaune a kan kujerar roba, shagon rabi a kwashe, tana ɗaure bakin buhu. Gashinta ya yi fari. Kwalin yana gefe, an ɗaure shi da igiya, an rufe talabijin da tsohon zane. Ba ƙura a kai. Wani yana gogewa duk shekarun nan.

Ta ce, "Malam Tanimu. Ka gane hanya?"

Na tsuguna. Na ce, "Maman Ngozi, akwai maganar da ban faɗa miki ba." Na faɗa mata duka, tun daga igiyar injin har ludayin Iya Talatu. Hagun, da barkonon, da buga ƙasar. Karo na farko a rayuwata na ba da labari ban ƙara masa gishiri ba, kuma bai taɓa yi mini nauyi haka ba. Ba ta daina ɗaurin buhun ba.

Da na gama ta ce, "Iya Talatu ta gaya mini tun a ranar, a ƙofar asibiti."

Na ce, "Kafin ki gode mini?"

"Kafin."

"Kuma kika gode?"

"Ba kai ka ɗauke shi ba? Sauran da suka yi dariyar ina suke?"

Na rasa inda zan sa idona. Na ce, "Minti goma ne, Maman Ngozi. Na yi ta ragewa, amma goma ne. Ki yafe mini su."

Sai a lokacin ta saki buhun. Ta dube ni tun daga hula har takalmi, irin kallon da take yi mini zamanin gaba, ta ce:

"Minti goma? Wannan wasanku ne kai da shi, da hannunsa a ciki, na yafe tun kafin a rufe shi. Shi minti goma ka bar shi da hannu a sama. Ni da 'ya'yansa shekara goma sha ɗaya muka yi, Malam Tanimu, kuma mu hannun dama muka miƙo maka."